Motar da Ta Fi Ƙofar Gidan Yayana

Yayana bai iya zama ba. A tsaye yake cin abinci, a tsaye yake gaisawa, in kuwa kina masa magana sai kin bi shi, don kafin ki kai ƙarshenta ya bar wurin. Ƙuruciyarsa kaf a bayan sitiyari ya yi ta, yana jigilar katako da siminti a motar kaya mai dogon hanci, irin wadda ta fi a-kori-kura amma ba ta kai tirela ba. Da aka daina yayin irinta, ubangidansa ya sayar, Yaya ya dawo gida yana zagaye tsakar gida kamar kazar da ke neman wurin ƙwai.

Ana nan ya ga irin motar a wurin ’yan gwangwan, saura kaɗan su yanka ta. Ba taya, ba gilashi, bodin katakon duk gara ta cinye, ɓeraye sun tare a kujera. Ya sa aka jawo ta har cikin filinsa, lokacin gidan ko katanga babu. Na ce, “Yaya, wannan ai gawa ka ɗauko.” Ya ce, “Suma ta yi. Miƙo min sifana.”

Daga nan gidan ya koma gareji. Inji a ƙarƙashin bishiya, lagireto a bayan kicin, kusoshi cikin kwanonin matarsa. Ita tela ce, mace mai haƙuri, amma har da ita sai da ta yi faɗa ranar da ta tarar ya goge baƙin mai da yadin mutane. Shi ko a jikinsa. Yau yana kankare tsatsa, gobe ya tafi wani gari neman fitila irin ta asali, don ya rantse ba zai sa mata ta zamani ba. Yara suka girma suka bar gida, mota tana kan duwatsu.

A cikin shekarun nan aka zagaye gidan da katanga, aka gina wa matarsa shagon ɗinki a jikin ƙofa. Da magini ya tambayi faɗin ƙofar, Yaya bai yarda da kowa ba. Da kansa ya ɗauki igiya ya auna motar daga kunne zuwa kunne, ya ƙara taƙi guda, ya ce a yi haka.

Sai kuma ido ya fara ba shi matsala. Da farko kusa ce ke faɗuwa ya yi ta lalube, daga baya ya fara tuntuɓe da abin da ke gabansa. Likita ya ce hawan jinin ido ne, abin da ya tafi ba ya dawowa, sauran ma tafiya yake. Ni na raka shi, kuma a hanya kuka na yi ta yi. Da muka iso gida, sai ya juyo wurina.

“Ke, bar kukan nan. Kafin idon ya rufe sai na hau da motar nan kwalta.”

Tun daga ranar ya ƙara wuta. Mai walda, mai fenti, kafinta, duk ya hana su sakat. Kafinta ya haɗa sabon bodi na katako, mai faɗi, yadda ake yi a da. Ranar da injin ya tashi, hayaƙi ya cika unguwa, Yaya yana dariya kamar an masa haihuwa. Ya sa giya ya taho, hancin ya wuce ƙofa lafiya, sai muka ji ƙurr! Bodi ya daki ginshiƙi.

Ashe lokacin da ya auna ta, motar ba ta da bodi. Kanta kawai ya auna, shi da ya yi rabin rayuwarsa yana shiga lungu da kaya. Gefe guda katangar maƙwabci ce, ba a taɓawa. Ɗaya gefen kuwa bangon shagon matarsa ne.

Ban taɓa ganin Yaya a irin wannan hali ba. Ya auna da igiya, ya auna da sanda, ya sake aunawa, kamar ƙofar za ta ji kunya ta buɗe. Ya ce zai cire bodin, kafinta ya ce in an kwance shi sai an sake aikin daga farko. Bakinsa ya kasa furta maganar rushe bangon shagon, don ya san abin da matar ta shanye a kan motar nan. Makonni suna wucewa, yana zagaye motar da hannu a jikinta, yana ƙara ƙanƙance ido. Haushi ya ishe ni, na ce, “Yaya, ka roƙi matarka mana!” Ya ce, “Da wane bakin?”

Ita ma tana kallo. Wata safiya na zo na tarar ta fito da keken ɗinkinta tsakar gida, magini yana tsaye da guduma.

“Maigida, hau motarka,” ta ce. “Na gaji da ganinka kana shafa ta kamar mai jinya.”

Kafin rana ta take bangon ya faɗi, an share ɓaraguzai. Yaya ya hau, ya tayar da inji, ya riƙe sitiyari. Muka jira. Can ya leƙo ta taga.

“Sun gama kwashewa? Hanya a buɗe take?”

Hanya fetal a gabansa, rana tarwai. Shi kuwa ba ya ganinta. Matarsa ta tattare zane ta hau ɗaya gefen, ta ɗora hannu a kan nasa.

“A buɗe take. Sa giya, a hankali. Hagu kaɗan. Yawwa, miƙe.”

Haka suka bi layin, tana faɗa yana juyawa, mu muna biye a ƙasa, maƙwabta suna janye ’ya’yansu. A bakin babban titi ta ce ya tsaya. Ya ƙi, sai da tayoyin gaba suka hau, sannan ya taka burki. Motoci suna wucewa fuu, yana jin su, ba ya ganin su.

“Kwalta ce wannan?”

“Ita ce.”

Ya zare makulli ya miƙo mini ta taga.

“To, na kawo ta. Je ki nemo mata mai ido.”