Ranar da Kakata Ta Turara Mini Basun

Shekarun baya kaɗan, ina ajin ƙarshe na ƙaramar sakandare a nan Bronx, kakata ta kusa kashe mini sana'a tun ban fara ta ba. Kuma da turaren wuta ta yi wannan aiki.

Ga waɗanda ba su sani ba, ni basun nake busawa. Wani zungureren abin busa ne na katako, wanda a lokacin ya kusa kamo ni a tsawo. Kakata ba ta taɓa kiran sa da sunansa ba, tabarya take ce masa. Ba ni na zaɓe shi ba. Ranar rabon kayan kiɗa na tsaya surutu a bayan aji, kafin in iso an kwashe duk na kirki, shi kaɗai ya rage a jingine. A watan farko, wani dattijo ɗan Kumasi da ke zaune a hawan da ke ƙasa da namu ya hawo ya tambayi mahaifiyata ko rago muka ɗaure a bene, alhali layya da saura.

Duk da haka na kamu da son abin. Matsalar ita ce na makaranta ne, ina gama aji zan mayar, sabo kuwa kuɗin mota ne. Shi ya sa malamarmu ta kiɗa ta sa sunana a wata gasar ɗaliban obo da basun a Manhattan. Obo ƙanwar basun ce, siririya mai tsiwa. A ɓangarenmu, ukun farko za a ba su aron basun har su gama babbar sakandare. Wanda bai shiga ukun ba, sai dai ya koma busa kwalba.

Abu biyu ke tsaye a gabana. Na farko gwiwoyina. Da na hau gaban jama'a sai su hau kaɗawa, har takardar waƙa ta riƙa rawa a gabana. Ni fa a ɗakin kakata kaɗai nake gwani, don a nan nake gwaji, tana zaune kan darduma da carbi tana sharhi.

“Maigida,” haka take kira na, “wannan dai ba waƙa ba ce, ciwon ciki ne.”

Na biyu shi ne harshe. Wasu 'yan ɓarin kara ne biyu da ake ɗaurewa a soka a bakin basun. Shi ake sawa a baki a busa, in babu shi basun sanda ne kawai. Kuma kowane da halinsa. Ina da guda biyu: ɗaya mai laushi da biyayya, ina lallaɓa shi kamar ƙwai, ɗayan kuma mai taurin kai, sai ka busa har idonka ya yi ja kafin ya amsa.

Safiyar gasar na fito daga wanka na tarar falo ya yi duhu da hayaƙi. Ban damu ba, don na san kakata Hajiya za ta turara mini sabuwar shaddata. Da na leƙa ɗakinta sai na ga shadda a kan kabbasa, wato kwandon da ake kifawa kan kasko. Gefen shaddar kuma ga basun ɗina, an kwance shi gaɓa-gaɓa an jera kamar kifin banda. Harsunan nan biyu kuwa suna ƙasa, dab da garwashi.

“Hajiya! Me kika yi?”

“Au, godiyar ke nan? Wari yake yi, Maigida. Wata da watanni kana tofa masa yawu. Da wannan ɗoyi za ka shiga cikin mutane a ce jikan wance ne?”

“To harsunan fa?”

“Tsinkayen? Ai su suka fi wari, shi ya sa na matso da su.”

Na ɗauki mai biyayyar. Bakinsa ya yi baƙi, ya tsage har ƙasa. Na busa shi, ko kukan sauro bai yi ba. Hajiya ta ga fuskata. Mahaifiyata ta leƙo, ta dube ni, ta dubi uwarta, ta ga babu wanda za ta iya yi wa faɗa, sai ta ce, “Ɗauki ɗayan mu tafi, jirgi ba ya jiran mai kuka.”

A jirgin ƙasa mai lamba huɗu abin tsoro ya faru: kakata ta yi shiru. Matar da ba ta taɓa barin yagaggen wandon kowa ya wuce ba tare da ta yi masa addu'ar samun tela ba. Wani ya shigo da koren gashi, ko tari ba ta yi ba. Can muna ƙetara kogi ta taɓa gwiwata, ta ce a hankali, “Ba a sayar da tsinken a hanya?”

Na ce a'a, ko an saya sai an yi kwanaki ana horar da shi. Ta mayar da ido kan carbinta.

Da muka isa, ina buɗe akwati a ɗakin shiri yara suka juyo gaba ɗaya. Malamarmu ta shaƙi iska ta ce, “Me ya ƙone?” Na nuna mata gawar harshen. Ba ta ɓata lokaci ba, ta jiƙa mai taurin kan a ruwan ɗumi, ta ɗan kankare shi da 'yar wuƙarta, ta miƙo mini. “Iya abin da zan iya ke nan. Ka ba shi iska da yawa, kuma kada ka roƙe shi, umarni za ka ba shi.”

Aka kira ni. Alƙalai uku a teburi, fuska ba annuri. Gwiwoyina tuni sun fara aikinsu. Na sa harshe a baki, na ja numfashi, sai na ji kamar na haɗiye kaskon Hajiya gaba ɗaya. Na busa sautin farko. Wallahi hayaƙi ne ya fito ta saman basun ɗin! To, ban gan shi da idona ba, amma alƙalin tsakiya ya yi atishawar da ta kusa cire masa tabarau.

Dariya ta taso mini, na danne ta. Ina cikin danne ta sai na lura gwiwoyina sun tsaya cak. Duk numfashin da na ja, ƙanshin ɗakin kakata ne. Na lumshe ido, sai ga ni a gida, ga darduma, ga labule, ga tsohuwa tana jiran in yi kuskure ta samu abin faɗa. Wa ke jin tsoro a ɗakin kakarsa? Na ba mai taurin kan nan iska har ya sallama. A wurin da waƙar ke sauri ya yi mini ƙiiit sau ɗaya, don kada in manta halinsa. Amma wuri mai sanyi na ƙarshe, ban taɓa busa shi haka ba, ko a gida.

Na uku na zo. Da ƙyar, kamar wanda ya kutsa jirgi ƙofa na rufewa. Ana kiran sunana kakata ta saki wata guɗa da ta sa wani yaro mai obo ya rungume kayansa. Mahaifiyata ta rufe fuska da gyale, kafaɗunta na girgiza.

Muna fita ɗaya daga cikin alƙalan, wata dattijuwa, ta tare mu ta ce don Allah wane turare ne wannan, a ina ake sayarwa. Na fassara wa Hajiya. Ta gyara mayafi ta ce, “Gaya mata ba a sayar da shi, ni ke haɗa abina.” Sannan ta zaro 'yar kwalba daga jaka ta danƙa mata.

A jirgin dawowa baki ya buɗe. Ta fara da takalmin wani bawan Allah, sannan ta juyo kaina.

“Na uku! Da ka bar ni na gama turara tabaryar nan, da na ɗaya ka zo.”

Yanzu in na tuna, ba kyautar ce take fara zuwa mini ba, shirun nan nata ne a jirgi. Ashe duk sharhin da take yi, ta fi ni son in ci gaba da damun ta. Har yau ba ta san sunan waƙa ko ɗaya da nake busawa ba, amma ta san ranar kowace gasa tawa.

Da aka ba ni sabon basun ɗin, ƙanshin mai da sabon akwati kawai yake yi, sai na ji shi kamar baƙo. Ni da kaina na kai shi ɗakinta na ce a turara akwatin, daga nesa. Harsunan kuwa suna cikin aljihuna, hannuna a kai, har garwashin ya mutu.