Har Agadez, Ba Ɗigon Esansi

Duk wanda ya san Kawu Sanda a Arlit ya san hancinsa ne ke riga bakinsa gaisuwa. Ka yi masa sallama, sai ya ɗaga kai ya shinshina iska, ya tabbatar gaz ba ya yoyo a ko'ina, sannan ya amsa. Mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa a ramin ma'adini yana shaƙar ƙura bai ce uffan ba, amma ka ƙyasta ashana kusa da motarsa ka ga tashin hankali.

Da ya bar aiki sai ya sayi wata tsohuwar mota kat-kat, ya yi ta fama da tiyo da karbirato har injin ya koma cin gaz irin na girki. A gabanmu, a fadar da muke shan shayi, ya rantse sai motar nan ta kai shi Agadez ba ɗigon esansi, wato fetur. Muka yi dariya har da riƙe ciki. Don kada shaiɗan ya ruɗe shi a hanya, ya kwance tankin esansin, ya tsaga shi biyu, ya ajiye wa awaki suna shan ruwa.

To, butelin gaz ɗaya ne a gidan, kuma na matarsa ne, Inna Rabi. Wata rana na tarar da ita tsaye a kan tukunyar shinkafa, ba wuta, ba buteli. Kawu ya ɗauke shi ana tsakiyar tafasa.

"Malam, me za mu ci?" in ji ta.

"Bar ta rufe, Rabi, ta ƙarasa da zafin rana. Wanga gari mi muke da shi in ba rana ba?"

Washegari ya cika mota da mutane za su kasuwa, ya murza makulli, shiru. Ya leƙa baya, ba buteli. Daga cikin gida Inna ta ce, "Bar ta rufe, Malam, ta tashi da zafin rana."

Tafiyar Agadez ta farko da ni aka yi, kaico. Ashe in injin ya ja gaz da ƙarfi, buteli sanyi yake yi har ya yi ƙanƙara, motar ta mutu. A tsakiyar hamada Kawu ya kwance rawaninsa ya naɗa wa buteli, ya juye masa shayinmu gaba ɗaya, ni ko kurɓi ban samu ba. Wani mai kamiyo, babbar motar kaya, ya tsaya, ya tausaya, ya miƙo jarkar esansi.

Kawu ya ce, "Mun gode, amma ina za ni zuba? Tankin na wurin awaki."

Da igiya kamiyon ya jawo mu gida. Da 'yan fada suka fara tsiya, ya gyara zama ya ce, "Ku dai shaida, ko a dawowa ba mu sha ɗigo ba."

Bara tarin ƙurar ma'adini da yake rainawa ya kwantar da shi. Likita ya ce a kai shi Agadez da gaggawa, ga shi a makon esansi ya ɓace a gari, motocin masu yi masa dariya duk suna kwance. Ina tsaye ban san abin yi ba, sai ga Inna Rabi ta sauke tukunya daga wuta, ta fito da buteli a ka. Matan layinmu suka biyo ta, kowace da nata. Ranar ba wanda ya ci abincin rana a layin.

Ni na tuƙa, Inna na riƙe da kansa a baya. In wannan buteli ya yi sanyi, in sauka in ɗaura wancan. Da muka shiga Agadez ya buɗe ido, ya shinshina.

"Ba ɗigo?"

"Ba ɗigo, Kawu."

"Ka gaya wa 'yan fada." Ya juya wurin matarsa. "Rabi, ɗauki butelinki, na gama da shi."

Wallahi ban taɓa ganin Inna ta yi kuka irin na ranar ba, ni ma kasa riƙewa na yi. A asibitin can ya cika, a can muka rufe shi.

Allah ya jiƙanka, Kawu, ya yafe maka. Hancin nan da ya gaji da ƙura da warin gaz, Allah ya sa ya jiyo ƙamshin Aljanna tun daga nesa.