Lemun Tsami Cikin Kuloko

Ina matsa lemun tsami na ukku cikin tukunyar, sai ɗiyata ta shigo daga wurin aiki, ta yi salati.

"Inna, mi kika yi?"

Na ce, "Wari take. Gyara ta nake."

Tukunyar ta ubanta ce. Baduku ne a Argungu, cikinta yake haɗa kuloko, baƙin da ake rina fata da shi. Tsofaffin ƙarafuna masu tsatsa, ruwan bagaruwa, ɗan ƙaro. Na sauran dukawa tsululu ne, nashi kuwa daskarewa yake kamar kunun da ya kwana, in ka lakata ya tsaya a yatsa. Bai taɓa gaya ma kowa awon ba. Da ya rasu, bisa cinya na riƙo ta cikin mota har Gwadangaji, inda na komo wurin ɗiyata.

Ɗiyar tawa aikin ɗakin gwaje-gwaje take. Ita ta gaya min wai ƙarfen ne ke kama ruwan bagaruwa, su saƙa wata raga da ido bai gani, ragar ta riƙe ruwa. Ta ce su ma suna haɗa irinsa, ana tsamo dauɗar ruwan sha da shi. Na ce ashe ubanki ya riga ku, ba ko takarda.

Sau nawa ta roƙe ni cokali guda ta je ta gwada, ta gano awon. Na hana. Lokacin na fara zuwa ajin manya, na ce a bari hannuna ya faɗa, ni zan rubuta awon mijina da kaina, ba wani ba. Taurin kai ne, na sani.

To, damina ta zo, tukunya ta yi fumfuna. Mu kuwa duk abin da ya yi ƙarni lemu muke sa mishi. Ban tambayi kowa ba.

Muna tsaye baƙin ya fara kodewa. Kaurin ya saki, ya koma kamar ruwan wankin dawa.

Na ce, "In an bar shi ya kwana fa?"

"Ba ya komawa, Inna. Tsami ya ƙwace ƙarfen, raga ta tsinke."

Ba ta yi min faɗa ba. Da ma ta yi.

Ni na kai tukunyar bayan ɗaki na tuttular. A gindinta, cikin ƙusoshi, sai ga karyayyar basillarsa ta ɗinkin fata, wadda ya yi ta nema yana cewa ni na ɓatar. Na goge ta, na ƙulle a bakin zane.