Malama Barira, Wadda Ta Ƙi Mayar da Yara Tara Sifiri

Kowace safiya za ka ga Malama Barira a bayan ɗan acaɓa a hanyar Makoda, ta rungume jakar kwamfuta a ƙirji. In ta isa ofis sai ta zauna jiran a tayar da janareta. Aikinta haɗa jadawali: sunayen unguwanni su sauko ta gefe, irin ruwan da ake sha ya jeru a sama, inda suka haɗu manhaja ta zuba adadin yaran da suka kwanta ciwo. Ba a taɓa yanka wa kowa rago saboda irin wannan aikin ba. A watan nan za ta yi ritaya, a kan kujerar da ƙannenta a aiki suka tsallake ta suka wuce. Ga abin da ya jawo.

A daminar da amai da gudawa ya ratsa ƙauyukanmu, shugaban sashensu, Alhaji Nababa, ya ce a nuna lambobin a dubbai, yadda manyan rahotanni ke yi. Danni ɗaya ne a manhajar, 4,200 ya koma 4.2, da ɗigo a tsakani, tsaf, gwanin sha'awa. Sai dai ƙasar nan ba ta dubbai ba ce. Gida na jikin gona, gona na jikin gida, unguwa nan, unguwa can, wata ladani ɗaya ya ishe ta ba lasifika. Da Barira ta danna, Gidan Kanya, inda yara tara suka kwanta daga rijiya guda, ta fito 0.0. Kuma da wannan jadawalin za a zaɓi wuraren da za a haƙa wa burtsatse.

Sabo, abokin aikinta, yana tsaye lokacin da ta kai wa Alhaji takardar.

"Ranka ya daɗe, albishirinka. Gidan Kanya ta warke," in ji ta. "Ba allura, ba ƙarin ruwa. Ɗigo ɗaya ya tashe su."

"Malama, ban son iyayi. Ƙa'ida ce, haka ake so a Kano."

"A Kano yaran suke kwance?"

"Na ce ki sa a dubbai!"

"Alhaji, na je unguwar, na zauna a kan tabarmarsu. Wace uwa zan je in ce wa ɗanta bai kai a rubuta shi ba?"

Kada a ce Alhaji bai gane ba. Ya gane sarai. Sifiri ba ya jawo waya daga sama, shi ya sa ake ƙaunarsa a ofisoshi.

Ta koma ta mayar da lambobin cikakku, mutum ɗaya lamba ɗaya, ta sa hannu a ƙasa. Kowa a ofishin zai iya sauyawa, amma sai ya goge sunanta ya sa nasa a ƙarƙashin sifirin, kuma jarumtakar ba ta kai nan ba. Haka rahoton ya tafi. Waya ta zo daga sama, Alhaji ya sha tambayoyi, ita kuma ta sha takardar tuhuma kan rashin ladabi. Tun daga nan, duk lokacin ƙarin girma sai sunanta ya ɓace a hanya. Sabo ya raɗa mata Hajiya Ba-Ɗigo, tana amsawa har yau.

An haƙa wa Gidan Kanya burtsatsen, a makare kamar kullum. An yanka zare, an yi jawabai, an gode wa duk wanda ya zo da babbar riga. Mutanen Gidan Kanya ba su san sunanta ba.

To, Malama Barira, ke ce kika ƙi. Ke ce mai taurin kan da yara ke shan ruwansa. Ba mu da lambar yabo da za mu rataya miki, waɗanda ke rabawa ba sa karanta jadawali. Godiya muke da ita, da addu'a: Allah ya saka miki da alheri, ya sa ki huta lafiya.

Ku kuma matasan da za ku gaji kujerar, manhaja ba ta da kunya, abin da aka danna take yi. Kafin ku danna, ku duba wa zai ɓace. Ranar tana zuwa da za a ce muku ƙa'ida ce, kuma za ku san abin da ƙin yi zai jawo muku.

Sabo ya tambaye ta kwanan nan ko tana nadama. Ta ce, "Ta me? Girma suka hana ni. Har gobe in sun buɗe rahoton, tara za su gani."