Mutumin da Ya Kira Sunan Uwarsa

Yana tsaye gaban rumfar Lorena Etsitty mai romon rago, a kasuwar Chinle. Zai kai shekara sittin, malafarsa sabuwa fil. Yana matse hannun Lorena, yana kallonta cikin ido, yadda Turawa suke gaisuwa. Ina jin yana cikin yaran ƙabilarmu da aka kwashe a da, aka ba Turawa riƙo.

"Inna, 'yan'uwana nake nema," in ji shi.

"Wane dangi ne naka?" in ji Lorena.

Bai sani ba. Sai ya zaro wani tsohon hoto, ya kira sunan uwarsa da ƙarfi har sau biyu, matar da ta daɗe a ƙasa. Mu ba ma kiran sunan mamaci. Matan da ke kan benci suka janye kwanukansu.

Lorena ta yi nuni da baki wajen titi. "Baƙo, motar masu zuwa kallon kwazazzabo can take tsayawa."

Aka yi dariya. Shi ma yana murmushi, har da godiya.

Na san wannan haɓar tasa, irin ta gidanmu ce. Na ci gaba da shan romona.