Gwangwanin Ba'ana Tela

Ba'ana tela ne a bakin Kasuwar Kwastam. Tun yana saurayi yake ɗinka wa 'yan sanda da 'yan kwana-kwana kaki, kuma duk wanda ya yi ritaya sai Ba'ana ya roƙe shi tsohon bajonsa. A haka ya cika gwangwani guda, har da na 'yan dokan zamanin En'e. Ranar Juma'a yakan goge su ya nuna wa baƙi.

Da rikici ya ɓarke a gari, gwangwanin ya zame masa ƙarfen ƙafa. In masu bincike suka gani za su ce sojan gona yake yi, in 'yan bindiga ne kuma su ce ɗan sanda ne.

"Malam, ka zuba su a kogi mu huta," in ji matarsa Gumsu.

Ya ce, "Ta ina zan bi? Ko'ina shinge ne, ana caje kaya."

Sai ya binne gwangwanin a ƙarƙashin randa. Yanzu gari ya lafa, amma har yau tsoro ya hana shi tonowa. 'Ya'yansa sun sama masa gida a unguwar Jiddari Polo, ya ce shi ba inda za shi.