Haƙorin da Nake Danna wa Kanumfari

Da ɗiyata ta zo hutu daga Yamai, inda take karatun likitan haƙori, gwaggonta ta taso daga Kalfu don ta gan ta. Ko ruwa ba ta sha ba ta ce, "Ke, duk karatun nan don ki zama wanzami? Cire haƙori gadonsu ne, mu ba mu gaje shi ba."

Da la'asar ina tankaɗe, yarinya ta ce mini, "Inna, ba ni komawa."

Ban yi mata faɗa ba. Ni kaina na daɗe ina fama da wani haƙori can ciki, ina danna masa kanumfari, don tun ina ƙarama na ga yadda awartakin wanzami ya yaga wa mahaifiyata dasashi. Na aje rariya, na ja ta bakin ƙofa wurin haske, na buɗe baki.

Ta daɗe tana dubawa. Ta ce, "Wanga ba na cirewa ba ne, Inna, cikewa za a yi. Amma ba a koya mana ba tukuna."

Na ce, "To, ina jiranki."

Da hutu ya ƙare, ita ta ɗaure kayanta da kanta.